Takalman Auta

Ranar Juma'a, 18 ga Disamba 2020, ina cikin cincirindon iyaye a Katsina, ina laluben fuska ɗaya a cikin fuskoki 344. Mako guda ke nan cif da daren da 'yan bindiga suka faɗa Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, suka kora yaranmu cikin daji kamar garken tumaki. Da na hango Auta, ƙafafunsa na fara gani. Sun kumbura, sun tsattsage, ga ƙaya ta karye a ciki ta yi baƙi. Yana ƙudundune cikin bargo, leɓunansa duk hunturu ya farfasa. Na rungume shi na ce, "Alhamdulillahi. Ka yi haƙuri, komai ya wuce." Bai ce uffan ba. Ni kuwa na ɗauki shirun nan a matsayin ladabi.

Auta ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Yana ɗan shekara shida Baba ya rasu, riƙonsa ya dawo hannuna, don babban wa magajin uba ne. Ina koyarwa a Islamiyya, ina jan salloli biyar a masallacin unguwarmu, kuma mutane kan kawo mini marasa lafiya in yi musu tofi ko ruƙya. Ni na dage sai ya tafi makarantar kwana, saboda ina so gidanmu ya fitar da likita. Inna ta so ya yi jeka-ka-dawo a gabanta, na nuna mata ni na san zamani. Wannan magana ta zauna mini a ƙirji tsawon kwana shidan da suka yi a daji, amma ban taɓa furta ta ga kowa ba.

Da muka iso gida aka yi saukar Alƙur'ani, aka yi waina aka raba sadaka. 'Yan barka da arziki suka yi ta tururuwa, har daga dangin Inna na ƙasar Faskari da dangin maiɗakina na Sabuwa. Duk wanda ya zo sai in kira Auta zaure, in ce ya ba su labari. Ya faɗi yadda aka yi ta tafiya da su dare da rana, yadda suka sha ruwan kududdufi, yadda ake tura su ƙarƙashin bishiyoyi idan jirgin sama ya gitta. Mutane su yi salati, su tafi, wasu su shigo, in sake kiransa. A kwana na huɗu ya tsaya a tsakiyar labari, ya zuba wa tabarma ido, bai ƙara cewa komai ba. Sai na juya gaba ɗaya, na kafa doka a gidan: kada wanda ya sake tayar da zancen daji. Allah Ya kuɓutar da shi, yawan tunawa butulci ne. Haka na faɗa, kuma da zuciya ɗaya na faɗa.

Maiɗakina ce ta fara lura da takalman. Ta ce, "Malam, yaron nan fa da takalmi yake kwana." Na leƙa ɗakinsa cikin dare na tarar da shi ya dunƙule a jikin bango, kambas ɗinsa a ƙafa, an ɗaure igiyar tamau. Daga baya na gane dalili: a daren da aka kwashe su ba takalmi ya fita, shi ya sa jikinsa ya rantse ba za a sake samunsa haka ba. Sauran abubuwa suka biyo. Idan babur ya wuce da gudu sai ya zabura ya nufi bayan randa. Yana ɓoye guntun biredi a ƙarƙashin filo har ya yi funfuna. Yaro ɗan shekara goma sha biyar ya koma fitsarin kwance. A masallaci ba ya yarda ya shiga sahun gaba, sai can baya kusa da ƙofa, daga nan ma ya daina zuwa. Wannan na ƙarshe shi ya fi ƙona mini rai, don ina jin ana cewa ƙanen liman ya bar jam'i.

Ban yi dogon tunani ba na yanke hukunci. Daji ba kango ba ne, yana da masu shi. Yaro ya kwana shida a gindin tsamiya da kuka, ba alwala ba addu'ar kwanciya, me ake jira? Na ce mutanen ɓoye ne suka shafe shi.

Abin da ya biyo baya shi ne dalilin wannan rubutu, kuma ban taɓa faɗarsa a bainar jama'a ba sai yau. Na kira ɗalibaina manya guda uku. Muka shigar da Auta ɗakin karatuna, na kulle ƙofa, na sa turare a kasko. Suka danne shi, biyu a hannuwa, ɗaya a ƙafafu. Na kafa bakina a kunnensa ina karatu da iyakar ƙarfin muryata. Yana ta fizge-fizge, idanunsa sun firfito, gumi na karyo masa. Ni kuma ina ganin wannan ita ce shaidar cewa karatu yana ƙona abin da ke jikinsa. Na ɗauki tsumagiya ina tsula masa a tafin ƙafa, ƙafar nan da ba ta gama warkewa ba, ina daka tsawa, "Fita! Wane ne kai? Fita!" Can sai ya daina motsi. Ya juyo da fuskarsa gare ni, ya ce da wata ƙaramar murya, "Yaya, don Allah ka bari. Haka suke yi mana."

Da a ce a nan na jefar da tsumagiyar, da na samu abin da zan riƙe in kare kaina. Ban jefar ba. Na ce wa ɗalibaina aljanin ne ke magana da bakinsa, yana neman tausayi. Muka sake yi washegari, muka sake yi a dare na uku.

Inna ce ta raba mu. Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma cika haɗa ido da ni ba. A dare na uku ta zo ta buga ƙofar da tafin hannu har na buɗe. Ta dube ni ido cikin ido ta ce, "Kai wannan, ɓarayi sun dawo mini da ɗana da rai, kai kuma za ka ƙarasa mini shi?" Ta kama hannun Auta ta kai shi ɗakinta, ta kwantar da shi a gadonta da takalmansa da komai, ta lulluɓa masa bargonta, ta zauna a gefe tana bubbuga bayansa tana jan carbi a hankali. Ba ta tambaye shi komai ba. Daren nan ya yi barci har rana ta fito.

Bayan haka shawarwari suka yi ta zuwa. Wani kawunmu ya ce a nemi gidan mari a kai shi, taurin kai ne ya haɗu da iska. Allah Ya taimake ni ban manta da abin da 'yan sanda suka bankaɗo a Daura da Katsina a watan Oktoban 2019 ba, samari da sarƙa a ƙafa, jikinsu duk tabo. Na ƙi. Wata ƙawar maiɗakina kuma, ma'aikaciyar jinya, ta ce a kai shi Zariya ya ga masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Ita ma na ƙi, har na yi fushi. A wurinmu idan aka ambaci asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Barnawa ko Kware, to an gama da mutum, ba aure ba shawara, har jikokinsa sai an goranta musu. Sannan ina da wani tsoro na daban. Na taso da jin cewa ilimin halayyar ɗan Adam ilimin waɗanda ba su yarda da Allah ba ne, za su zaunar da yaro su nuna masa addu'a ruɗin kai ce. Kuma abin da na gani da idona bai ƙarfafa mini gwiwa ba: wasu baƙi sun taɓa zuwa unguwarmu da takardu, suka jera wa yara tambayoyi ta bakin tafinta, suka yi 'yan alamomi a cikin akwatuna, suka ɗauki hoto, ba mu sake jin ɗuriyarsu ba.

Haka muka ci wata bakwai. Auta ya rame, ya koma zaman ɗaki, wani abokinsa ya fara ba shi ƙwaya wai don ya samu barci.

Da damina ta 2021 na je ta'aziyya ƙasar Faskari. A hanyar dawowa, tsakanin Sheme da Ƙanƙara, motar da ke gabanmu ta yi wani irin birki, sai ƙarar harbi ta ko'ina. Direbanmu ya saki hanya, muka ɓalle ƙofofi muka faɗa gonar masara. Na kwanta rubda-ciki a tsakanin kunya biyu, fuskata cikin laka, ina jin babura na kewayawa, ina jin wata mata tana kiran sunan ɗanta har muryar ta ɗauke. Wani dattijo da muke kujera ɗaya da shi, wanda ya ba ni goro a Sheme, yana kwance taku kaɗan daga inda nake. Da gari ya yi tsit na rarrafa na taɓa shi, ya riga ya yi sanyi. Ni ko ƙwarzane ban samu ba. Na dawo gida, aka yi mini barka, na hau kan tabarmar wa'azi na yi magana a kan tawakkali.

Bayan mako biyu ina jan sallar Magariba, wani babur ya yi tari a ƙofar masallaci. Fatiha ta ɓace daga bakina. Surar da na haddace tun ban san damana da haguna ba, na neme ta na rasa. Zuciyata na dukan uku-uku, gwiwoyina na kaɗawa, hancina ya cika da warin jiƙaƙƙiyar ƙasa da ganyen masara. Ladan ya ɗora mini daga baya, da ƙyar na kai sallama. Na ce wa jama'a zazzaɓin cizon sauro ne. Daga ranar barci ya ƙaurace mini. Na yi wa kaina ruƙya, na sha rubutu, na ƙara nafila, na shafa man habbatussauda. Karatun yana sanyaya mini rai a lokacin da nake yinsa, wannan gaskiya ce, amma da babur ya gitta sai jikina ya koma gonar nan ba tare da ya nemi iznina ba. Na fara zargin kaina da munafunci. Ina tawakkalin da nake koya wa mutane? A cikin irin wannan dare ne, ina zaune a bakin gado na jiƙe sharkaf, na tuna da fuskar Auta a ƙarƙashin hannun ɗalibaina. Ashe abin da ke kansa ke nan, kuma ni na tsula masa tsumagiya a kai.

Ko a lokacin girman kai bai bar ni na ce ni ne mara lafiya ba. Na ce zan raka Auta Zariya.

Wadda muka gani mace ce mai matsakaicin shekaru, da hijabinta, masaniyar halayyar ɗan Adam. Hajiya kowa ke ce mata. Abu na farko da ta yi ya ba ni mamaki: ta tambayi Auta inda yake so ya zauna. Ya zaɓi kujerar da ke bakin ƙofa. Ta tashi ta buɗe ƙofar, ta sa dutse ta tokare ta, ta bar ta a haka. Ba ta ce ya ba ta labarin daji ba. Ta tambaye shi abin da yake ci, ƙarfe nawa yake farkawa, wace ƙungiyar ƙwallo yake goyon baya. Sannan ta yi mana bayani da misalin da har yau nake amfani da shi. Ta ce a jikin kowane mutum akwai maigadi, aikinsa idan ya ga haɗari ya buga ƙararrawa: zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya gajarta, jini ya tafi ƙafafu don a gudu. Wannan maigadi shi ya cece ku a daji. To amma gidan da ɓarayi suka taɓa shiga, maigadinsa ko ganye ya motsa sai ya buga ƙararrawa, kuma ba ya tsayawa neman shawarar hankali, balle ya duba yawan sallar mutum. Ta ce likitocin Amurka sun sa wa ciwon suna a littafinsu a 1980, bayan abin da suka gani a jikin sojojinsu da suka dawo daga yaƙin Biyetnam, amma ciwon ya girmi sunan da dubban shekaru.

Ta sa Auta ya jira a baranda, ta juyo gare ni. "Malam, kai fa, kana barci?"

Rabona da kuka a gaban mace tun rasuwar Baba. Ta miƙo mini ruwa, ta bar ni na gama. Da na natsu sai na yi mata tambayar da ta kawo ni, na ce wannan ba raunin imani ba ne? Ta ce ita ba malama ba ce, ba za ta yi mini fatawa ba, amma in ba ta labarin farkon saukar wahayi kamar yadda nake koya wa yara. Na fara, abin da na karantar ya fi sau ɗari: yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sauko daga kogon Hira zuciyarsa na bugawa, ya shiga wurin Nana Khadija ya nemi a lulluɓe shi. Ta tsayar da ni ta ce, "To me ta fara yi?" Na ce ta lulluɓe shi. "Sai me?" Ta jira har tsoron ya lafa. Sannan ya faɗa mata abin da ya gani, ta saurara. Sannan ta tuna masa da kyawawan halayensa. Sannan ta kai shi wurin Waraƙa ɗan Naufal, wanda ke da sanin irin wannan al'amari. Ina kawowa nan na yi shiru, don na ji abin da bakina ya faɗa. Nana Khadija ba ta ce masa ina imaninka ba. Inna, wadda ba ta wuce allo ba, ta bi wannan tsari daki-daki da bargonta, ni kuma mai littattafai na kulle ƙofa.

Da na dawo gida na koma kan littattafaina da wani ido daban, sai na ga abin yana nan birjik, ni ne ban duba ba. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin cikin rabuwa da Annabi Yusufu har idanunsa suka yi fari, kuma shi ne Alƙur'ani ya haɗa da kyakkyawan haƙuri. Ashe kai kuka ga Allah da faɗin abin da ke ciwo ba su warware haƙuri. A cikin Bukhari akwai yadda Nana A'isha ke sa a dama talbina, wani kunun sha'ir, a ba waɗanda aka yi wa rasuwa, saboda yana rage wa zuciya raɗaɗi. Baƙin ciki ke nan ana bi masa ta hanyar ciki, ba wanda ya ce an raina addu'a. Hajiya ta kuma haɗa ni da sunan wani malami da ban taɓa ji ba, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 miladiyya. A littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus ya yi babi-babi a kan fushi, da tsoro, da baƙin ciki, da waswasi, ya rarrabe baƙin cikin da aka san sanadinsa da wanda ke taso wa mutum daga jiki ba dalili, ya ce na biyun yana buƙatar magani irin na jiki. Farfesa Malik Badri, ɗan Sudan da ya rasu a 2021, yana cikin waɗanda suka fito da wannan littafi ga mutanen zamani, kuma shi ne tun 1979 ya gargaɗi Musulmi masana halayya kada su haɗiye duk abin da ya zo daga Turai ba tauna. Wato tsoron da nake da shi ba na banza ba ne, akwai abin tacewa. Kuskurena shi ne na zubar da nonon gaba ɗaya saboda ƙudan da nake zargin ya faɗa ciki.

Maganin kansa ba wani abin al'ajabi ba ne, sai dai yana cin lokaci. Ta koya mana jan numfashi a hankali ta hanci, a sake shi a hankali fiye da yadda aka ja, ta ce mu haɗa da carbi tunda hannunmu ya saba da shi, kowane ƙwaya numfashi ɗaya da tasbihi ɗaya. Idan abin ya taso, mu yi alwala da ruwan sanyi, mu lura da ruwan a fata, mu ambaci abubuwan da ke gabanmu ɗaya bayan ɗaya don jiki ya gane yana ɗaki, ba ya daji. Batun babur kuwa, mataki-mataki aka bi: Auta ya tsaya ya kalli na maƙwabcinmu a kashe, bayan kwanaki ya taɓa shi, ya hau, sannan aka tayar yana tsaye nesa, har ranar da ya murza da hannunsa. Labarin daji ya faɗe shi daga farko zuwa ƙarshe, amma ga mutum ɗaya, a lokacin da ya zaɓa, yana da ikon cewa ya isa haka. Ni kuma likita ya rubuta mini maganin da na sha na wasu watanni, na sha shi da bisimilla kamar yadda nake shan na hawan jini. Muna cikin haka, a watan Satumban 2021, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Ganawar da muke yi da Hajiya ta waya ta tsaya, sai mun yi tafiya mai nisa a hanyar da muke tsoro kafin mu samu sabis.

Wata rana ta kira ni gefe ta ce, "Malam, akwai wani ƙulli da ba nawa ba ne, naka ne." Auta ya faɗa mata abin da ya fi harbi da duka ci masa rai. Kwana shida bai yi salla ba. Kuma a rana ta huɗu, yunwa ta sa ya fizge guntun ɗanyen dankali daga hannun wani yaro ɗan aji ɗaya, yaron ya bi shi da ido kawai. Tun daga nan ya ɗauka Allah Ya yi fushi da shi, shi ya sa yake jin kunyar shiga sahu. Ta ce ita za ta iya koya masa numfashi, amma ba ta da bakin da za ta ce masa Allah bai yi fushi da shi ba har ya yarda. Na zauna da shi a kan dakalin ƙofar gida bayan Isha'i, a fili, ba kulle. Na yi masa bayanin hukuncin wanda aka tilasta da wanda lalura ta kai maƙura, yadda shari'a ta ɗauke musu laifi. Muka lissafa sallolin, talatin da 'yan kai, muka rama su tare cikin kwanaki, ina gaba yana gefena. Muka nemi gidan su yaron nan, Auta ya kai masa ledar dabino ya roƙe shi gafara. Yaron ma ya ce bai tuna ba.

Ba zan ce asibiti ya fi masallaci ba, ba kuma zan yarda a ce mini malamai su ja gefe ba. Ciwon nan a littafi sunansa firgicin bayan masifa, mu kuwa tamu masifar ba ta da baya tukuna. Hajiya da kanta ta ce ba za ta iya ce wa mutumin Faskari babu abin tsoro ba, alhali akwai. Wanda zai kwana a garin da aka kai wa hari jiya, ya wayi gari ya tafi gona, abin da ke tsayar da ƙafarsa shi ne yarda da ƙaddara da kafaɗar ɗan'uwansa a sahu. Sannan ga lissafi: likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum fiye da miliyan 200. An sanar a Janairun 2023 cewa Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, amma matar da ke ƙauyen Sabuwa ba ta da kuɗin motar Funtuwa, balle Zariya. Ƙofar da za ta fara bugawa ta liman ce. Tun a 1954 Farfesa Adeoye Lambo ya gane haka a asibitin Aro na Abeokuta, ya jawo masu maganin gargajiya cikin aikinsa maimakon ya kore su. Idan liman ne ƙofar farko, to wajibi ne liman ya san abin da ke hannunsa da abin da ya fi ƙarfinsa. Ina nan ina ruƙya, amma a hankali, ƙofa a buɗe, ba mai danne kowa, kuma na ƙona tsumagiyar nan.

Wurin da abin ya fi yi mini nauyi yanzu shi ne mata. A watan Fabrairun 2024 aka sace mata fiye da 50 'yan kai amarya a yankin Damari na Sabuwa, kuma irin wannan ya faru a wurare da yawa da ba su shiga rediyo ba. Idan mace ta dawo daga daji, mijinta kan zo wurina da daddare, ya sunkuyar da kai, ya tambaye ni hukunci: kwana nawa zai jira kafin ya kusance ta, in ciki ya bayyana na wane ne. Ina ba shi amsar fiƙihu, don haƙƙinsa ne. Amma yanzu ba na barinsa ya tashi sai na ce, "Tana cin abinci? Tana barci? Akwai wadda take yi wa magana?" Da yawa sai su ɗago su dube ni, ba su taɓa tunanin tambayar ba. Maiɗakina ke zama da irin waɗannan mata a madafa, suna tsinken zogale, ba ta matsa musu. Wadda ta fara zancen ta gaji da duniya kuwa, ba ma kwana da maganar, mukan haɗa kuɗin mota a kai ta asibiti.

Da aka yi zaman sulhu a 2025 a Faskari da Sabuwa da wasu ƙananan hukumomi, mutanen daji suka zo da bindigoginsu a kafaɗa, aka nemi mu limamai mu yi huɗuba a kan yafiya. Na yi, don ina son a daina zubar da jini. Amma na faɗa a kan mumbari cewa wanda ya ga mai dukansa a kasuwa yana cinikin akuya, jikinsa ya ɗauki rawa, ba ƙarancin imani ke damunsa ba, kuma kada wanda ya tsare shi sai ya ce ya yafe.

Auta bai koma makarantar kwana ba. Ya ƙarasa a jeka-ka-dawo, kamar yadda Inna ta so tun farko, yanzu yana gyaran waya a bakin tasha. Takalmansa sun koma kwana a bakin ƙofa, sai dai duk daren da aka ji harbi daga yamma yakan jawo su ya sa, ni kuma ba na cewa komai. Shekara uku na ɗauka kafin na iya buɗe baki. Muna zaune a dakalin nan, na ce, "Auta, abin da na yi maka a ɗakin karatu, ka yafe mini." Ya daɗe yana juya wata 'yar sukurdireba a hannunsa. Ya ce, "Haba Yaya, ai ya wuce." Na ce masa a'a, kada ya ba ni irin amsar da na ba shi a Katsina, ya faɗa mini gaskiya. Ya sake yin shiru, sannan ya ce, "Bulalar ba ta dame ni ba sosai. Ƙarar makullin nan ce, lokacin da ka juya shi. Har yanzu nakan ji ta."

Na ce, "Ci gaba, ina jin ka."